Gana ko Gambiya: Ina Ya Fi Dacewa Bahaushe Ya Je Kallon Tsuntsaye da Namun Daji a Bakin Teku?

Ƙanen wani abokina, malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ya shekara biyu yana adashi don ya je ya ga teku da idonsa, ya kuma ga tsuntsaye da dabbobin da yake zana wa yara a allo. Ya duba abin da Turawa masu kallon tsuntsaye suke rubutawa, ya tarar kusan bakinsu ɗaya: wanda zai fara, ya fara da Gambiya. Sai ya zo ya same ni ya ce, "Yaya, kuɗin tafiya ɗaya gare ni. Gambiya zan je ko Gana?" Na ce masa ya zauna, domin amsar tana da ɗan tsawo, kuma shawarar da ta dace da mutumin Ingila ba lallai ta dace da mutumin Katsina ba.

Yabon da ake yi wa Gambiya ba ƙarya ba ne. Ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka, girmanta murabba'in kilomita 11,000 da ɗoriya, gaɓar tekunta kuwa kilomita 80 ce kacal, amma an ƙirga nau'in tsuntsaye fiye da 550 a cikinta. Komai kusa yake da komai. Daga filin jirgin sama na Yundum zuwa gandun Abuko ba a cika rabin awa ba. A gadar Kotu, wadda ke tsakiyar unguwar masaukan baƙi, mutum zai tsaya da safe hannunsa a kan ƙarfen gada, ya ga zalɓe iri-iri da tsuntsayen nan masu dogon baki da ke faɗawa ruwa su cafko kifi, daga ƙanana masu shuɗin baya har babbansu mai girman hankaka. A nan gindin gadar 'yan jagora masu lasisi suke zama, yawancinsu sun san kowane tsuntsu da kukansa tun kafin a hango shi. Tsuntsayen wurin sun saba da mutane, ba sa tashi da an matso. Mai kyamara zai cika ta a kwana biyu.

To amma ɗauko taswira ka duba. Banjul tana kan layi ɗaya da Sakkwato da Katsina da Maraɗi, wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Teku tana ƙara mata ruwan sama da danshi, shi ya sa ta fi su kore, amma da ka bar gaɓa ka shiga ƙauyuka, kuka ce da giginya da ɗorawa da tsamiya, gonakin gyaɗa da gero, shanun Fulani a bakin hanya. Tsuntsayen da ke kan waɗannan itatuwa kuwa su ne tsanwaka da cilakowa da ragon maza da ƙulƙulu da tsirya da marai da zakaran ƙeƙuwa da balbela. Bature zai ga tsanwaka a kan wayar lantarki ya riƙe baki, domin a ƙasarsu babu. Kai tun kana bin tsofaffi gona kake ganinta. Wannan shi ne abin da littattafansu ba za su gaya maka ba: kaso mai yawa na tsuntsayen tudu na Gambiya 'yan gida ne a wurinka, kuma za ka biya kuɗin jirgi mai tsada ka je ka gaisa da su.

Abin da yake sabo ga Bahaushe a Gambiya yana bakin ruwa. Je ka Tanji da la'asar, lokacin da jiragen masunta masu fenti kala-kala suke dawowa. Mata da bokitai a ka suna shiga ruwa har ƙugu suna tarar kifi, hayaƙin ɗakunan banda ya turnuƙe, a sama kuma fararen tsuntsayen teku ɗaruruwa suna shawagi suna ƙara. Gefen garin akwai gandun tsuntsaye na Tanji da aka kafa a 1993, hekta 612, wanda ya haɗa da tsibiran Bijol inda tsuntsayen teku suke ƙwai. A kan yashin bakin kogin za ka ga kwasakwasa sun jeru, ka kuma ga shahon kifi, wanda ke zuwa daga Turai ya yi hunturu a nan. Wasu daga cikin waɗannan shaho an ɗaura musu na'urar bibiya a Sikotilan da Ingila, aka ga sun yi tafiyar kusan kilomita 5,000 sun sauka a gaɓar Gambiya da Senegal, kuma idan shekara ta zagayo sukan koma wurin da suka saba. Akwai kuma dausayin Tanbi a bayan Banjul, kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Cikin kwalekwale ake shiga, a bi ƙananan rafuka, a wuce mata masu ɓamɓaro kawa daga jikin saiwoyi. Wanda ya taso a ƙasar fadama da tafki bai taɓa ganin daji irin wannan ba.

Akwai abu ɗaya da ya fi taɓa mini zuciya a batun Gambiya, shi ne ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda take cika kwata da kasuwa a garuruwanmu, tana zaune a kan rumfunan mahauta ba mai kula ta. Yau yaran Kano da yawa ba su san ta ba sai a karin magana. Guba da farautarta don sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ɓacewa daga duniya. A 2020 ma an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau. Amma a gaɓar Gambiya har yanzu tana nan da yawa, a bakin teku, a kan rufin gidaje, a wuraren yanka. Idan kana da ɗan da kake so ya ga ungulu da ranta, wannan kaɗai dalili ne mai nauyi.

Ta fannin dabbobi kuwa, kada ka je da tsammanin Yankari. Babu giwa, babu zaki, babu raƙumin dawa a Gambiya. A Abuko, gandun farko da ƙasar ta keɓe a 1968, wanda bai wuce hekta ɗari da 'yan kai ba, za ka ga kada da guza da mazo da birai, ciki har da wani jan biri na kan itace da ake kira kolobos, wanda ba shi da babban yatsa a hannu, ba kuma irin jan birinmu mai gudu a ƙasa ba ne. Wanda yake da kwanaki zai iya bin kogi ya yi gabas, ya kwana a Tendaba ya shiga dausayin Baobolon da kwalekwale, ya zarce har wajen Kuntaur, inda tun 1979 ake sakin birai masu kama da mutum, cimfanzi, waɗanda aka ƙwato daga hannun masu fataucinsu, a kan wasu tsibirai na tsakiyar kogi. Ba a barin baƙo ya taka tsibiran, daga cikin jirgi ake kallonsu, kuma a nan ake ganin dorina. Sai dai wannan ya zama tafiyar kogi, an bar teku a baya da nisa.

Yanzu Gana. Gaɓarta ta kai kilomita 550, tsuntsayenta sun haura nau'i 750, kuma a gaskiya gaɓa biyu ce mabambanta. Daga iyakar Togo zuwa Akra har Winneba ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, fili da ciyawa da manyan tafkunan ruwan gishiri. Daga Cape Coast zuwa iyakar Kwaddibuwa kuwa kurmi ne, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Kurmin nan shi ne abin da Gambiya ba ta da shi, kuma shi ne abin da ƙasar Hausa ba ta da shi.

Gandun Kakum yana kilomita 30 arewa da Cape Coast, girmansa murabba'in kilomita 375. Abin da ya yi suna da shi gadar igiya ce da aka ɗaura a 1995, gadoji bakwai a jere daga wannan itace zuwa wancan, tsawonsu wajen mita 350, wasu wuraren mita 30 ko fiye daga ƙasa. Yawancin masu zuwa don su gwada jarumtarsu suke hawa, su yi ihu, su ɗauki hoto. Amfaninta ga mai kallon tsuntsaye daban ne. A kurmi, rayuwa a sama take. Furanni da 'ya'yan itace da ƙwari duk suna can inda rana take bugawa, tsuntsaye kuma suna biye da su. Wanda ke ƙasa sai dai ya ɗaga kai har wuyansa ya ƙage, ya ga inuwa ta gifta. Wanda ke kan dandamalin gadar da asuba kuwa ido da ido yake da su: manyan dangin cilakowa masu ƙaho a kan baki, waɗanda ake jin fukafukansu suna huci tun daga nesa, da sha-kauci kala-kala, da dangin ƙulƙulu masu jan fiffike, da birai suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Sharaɗin shi ne a shirya da ma'aikatan gandun tun jiya, a biya kuɗin shiga da sassafe kafin a buɗe wa kowa. Da ƙarfe tara ta yi motocin 'yan makaranta sun iso, musamman ƙarshen mako, an gama.

Dole in faɗi wahalar, domin a nan mutane suke yin da-na-sani. Kurmi ba ya ba da kansa da sauƙi. Za ka ji kuka goma kafin ka ga tsuntsu ɗaya. Zafi ne mai danshi, gumi ba ya bushewa, tururuwa masu cizo suna ratsa hanya, hasken ƙasa kuma kaɗan ne, hoto ba ya fita sai da kyamara mai tsada. Akwai giwayen kurmi a Kakum, amma mafi yawan baƙi kashinsu da sawunsu kawai suke gani. In ba ka da ɗan jagora da ya san kukan tsuntsaye, za ka yini kana kallon ganye. Wanda ya saba da sararin arewa, inda ake hango shamuwa tun tana nisan kilomita, sai ya koyi kallo da kunne.

Ladan wannan haƙuri kuwa babba ne. A arewa da Kakum, a kan hanyar Kumasi, akwai ƙauyen Bonkro, inda ake zuwa ganin wani tsuntsu da masana ke kira fikatartis. Kansa ba gashi, rawaya ne da baƙin tabo a kowane gefe, wuyansa fari, yana tsalle a kan duwatsu da dogayen ƙafafu, yana gina sheƙarsa da laka a jikin dutse kamar tsattsewa. Daga Gini zuwa Gana kaɗai ake samunsa a duniya. An yi shekaru da dama ba a gan shi a Gana ba, har aka ɗauka ya ƙare, sai a 2003 aka sake gano shi. Ana hawa tudu cikin kurmi kusan awa guda, a zauna a kan benci a gaban kogon, a yi tsit, a jira su dawo kwana da yamma. Mutanen ƙauyen ne suke raka baƙi suke kuma tsaron wurin, domin sun ga amfanin barin tsuntsun da ransa. Wanda kuma bai ƙoshi ba, sai ya nausa yamma zuwa Ankasa, kusa da Elubo a bakin iyaka, kurmin da ya fi kowanne ruwa a Gana. Can sai da mota mai ƙarfi da takalmin roba.

Gabashin gaɓar ya fi sauƙi, kuma shi ne farkon abin da mai zuwa ta mota daga Legas zai tarar. Da ka tsallake iyaka a Aflao, ba ka yi awa guda ba ka kai Keta, tafkin bakin teku mafi girma a ƙasar. Gari ne a kan siririyar ƙasa, teku a hagu tafki a dama, kuma teku ta daɗe tana cinsa. Ganuwar da mutanen Denmak suka gina a 1784 rabinta ya tafi cikin ruwa. Daga Satumba zuwa Afrilu tafkin yana cika da baƙin tsuntsaye masu dogayen ƙafafu daga Turai da arewacin Rasha, dangin waɗanda ke sauka mana a Dagona da dausayin Haɗeja da Nguru, sai dai waɗannan sun biyo hanyar bakin teku. Keta da Songor da Sakumo da bakin kogin Densu da Muni ta Winneba duk an sa su cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1992. Tushen wannan aiki yana da daɗin ji: a da yaran masunta suna ɗana wa fararen tsuntsayen teku tarko don wasa, har abin ya shafi yawansu a Turai inda suke ƙwai. A 1985 aka fara shirin ceto su ta hanyar koyar da yaran makaranta, Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu na cikin jagororinsa, daga nan ne ƙungiyar kare namun daji ta Gana ta samu ƙarfinta. Na gaya wa malamin nan ya riƙe wannan labari ya kai wa ɗalibansa masu yawo da danƙo.

A Ada, inda kogin Volta ya shiga teku, akwai abin da ba na jin Gambiya za ta ba ka cikin sauƙi irin haka. Daga wajen Oktoba zuwa Maris kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami a yashi su zuba ƙwai, ciki har da mai bayan fata, wanda nauyinsa kan wuce kilo 400. Ma'aikatan kula da namun daji na Ada suna fita da baƙi sintirin dare. Ba a haska wa kunkuru mai zuba ƙwai farar fitila, ba a taɓa ta, ba a tsaya mata a gaba, domin in ta tsorata sai ta koma ruwa da ƙwanta. Ba kowane dare ake dacewa ba, don haka a ware kwana biyu ko uku.

Sakumo, wadda ke tsakanin Akra da Tema, ita ce a da ake fara kai kowane baƙo. Yanzu gine-gine sun ci gefenta, shara da ruwan kwata suna kwarara ciki, tsuntsayen sun ragu ƙwarai. Abin takaici ne, kuma ban ba da shawarar a ɓata mata yini guda ba. Gara a tafi tsaunukan Shai, tafiyar awa ɗaya daga Akra, inda ake ganin gwaggon biri tun daga bakin ƙofa, da maraya a cikin ciyawa, da kogunan dutsen da mutanen Shai suka zauna kafin Turawan Ingila su kore su a 1892. A cikin Akra kanta, tsaya kusa da asibitin sojoji na 37 gab da magariba ka ga dubban jemagu suna tashi daga itatuwa, sama ta yi baƙi. Wannan kallo kyauta ne.

Sai maganar aljihu da zaman baƙunta, wadda ga yawancinmu ita ce mai yanke hukunci. Gambiya sai jirgin sama. Gana kuwa mota tana zuwa daga Legas ta Seme da Kwatano da Lome, a yini guda in iyakoki ba su riƙe ku ba, jirgi kuma awa ɗaya ne. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza a ƙasashen biyu saboda ECOWAS, amma ya riƙe katin allurar shawara. 'Yan'uwanmu na Nijar, tunda ƙasar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, su tuntuɓi ofishin jakadanci kafin su ɗaura kaya. Sai dai a lura, arhar zuwa Gana tana iya narkewa a cikin gida: daga Akra zuwa Cape Coast kilomita 150 ne, da cunkoson Kasoa a tsakani, wuraren kuma sun yi nisa da juna, sau da yawa sai an yi shatar mota. A Gambiya tasi da ƙafa sun isa mako guda.

A Gana ba za ka yi baƙunta ba. Akwai zango a kusan kowane gari, Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, Ashaiman kusa da Tema, Hausa tana ci a kasuwa da tasha, da safe ga koko da ƙosai, da rana ga shinkafa da wake da suke kira wace, da dare tuwon zafi. Wani a zango zai haɗa ka da direba amintacce da masauki mai sauƙi. A Gambiya Hausa ba ta aiki, Mandinka da Wolof da Fulatanci ake yi, sai Turanci. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne, kiran salla ko'ina, nama ba a tambaya, miyar gyaɗarsu domoda kuwa kamar daga gida. Mai iyali ya guji sauka a Kololi, inda mashaya da masu yawo da kayan wanka suka yi yawa, da samarin da ke manne wa baƙo suna neman abin hannunsa. Tanji ko Gunjur ko Kartong sun fi natsuwa, sun kuma fi kusa da tsuntsaye.

Lokaci kusan ɗaya ne: Nuwamba zuwa Fabrairu. Gambiya damina ɗaya gare ta kamar tamu, Yuni zuwa Oktoba. Kudancin Gana biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Nuwamba da farkon Disamba sun fi, kafin hazo ya sauko ya dushe sama.

Ga yadda na raba masa. In da tsohuwa ko ƙananan yara za a tafi, ko kwana biyar kaɗai ake da su, ko hoto ne babban buri, ko kuma mutum bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba yana son ya koya a inda tsuntsu zai tsaya masa, Gambiya ce, ba tantama. Amma shi lafiyayye ne, yana da hutun makaranta, ya san tsuntsayen gida tun yana yaro, kuɗinsa kuma a ƙirge suke. Na ce masa, "Malam, Gana za ka je." Ya shiga ta Aflao, ya kwana biyu a Keta, biyu ko uku a Ada saboda kunkuru, ya huta a zango a Akra ya leƙa Shai, sannan ya ba Kakum asuba biyu, ba ɗaya ba, ya rufe da Bonkro ya fita ta Kumasi. Kwana goma zuwa sha biyu ke nan. Kuɗin da zai kashe a tikitin Banjul ya saya madubi mai kyau, mai lamba 8 da 42 a jiki, ya biya ɗan jagora na ƙwarai a kurmi, domin a nan ne rowa take jawo asara.

Na ƙara masa da abu biyu da mutumin tudu ba ya sani sai an gaya masa. Tekun Gana tana da igiyar da ke jan mutum ciki ta ƙarƙashi, ko gwanin iyo a kogi kada ya shiga inda bai ga 'yan gari suna shiga ba. Sannan ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kowace rana kuma yana jinkirta da kusan minti 50. Tsuntsayen gaɓa suna kiwo ne a kan laka idan ruwa ya janye, su matso kusa idan ya fara dawowa. Saboda haka da ya sauka a bakin kogin Volta, kafin ya nemi ɗaki, ya fara tambayar masunta ƙarfe nawa ruwa zai janye gobe.